Daga Madubin Leeuwenhoek Zuwa Birin Pittsburgh: Tarihin Gano Tushen Maniyyi

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa namiji mai shekara 70 zai iya haihuwa, alhali jikinsa yana fitar da miliyoyin ƙwayoyin maniyyi tun balagarsa? Daga ina ake ta samo sababbi? Sai da masana suka shafe fiye da shekara 300 kafin su kama bakin zaren.

A 1677, a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek ya duba maniyyi da madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga wasu ƙananan halittu masu wutsiya suna iyo. An daɗe wasu masana suna ɗaukarsu tsutsotsi ne kawai da ke zaune a jikin namiji. Sai a 1841 Albert von Kölliker ya nuna cewa daga ƙwayoyin halittar da ke cikin 'ya'yan maraina suke fitowa.

Daga nan hankali ya koma kan marainan. A 1850 Franz Leydig ya bayyana wasu ƙwayoyi da ke tsakanin siraran bututun da ake ƙera maniyyi a cikinsu. Daga baya aka gano su ne ke samar da sinadarin testosterone. A 1865 wani ɗalibi ɗan Italiya mai shekara 23, Enrico Sertoli, ya zana wasu dogayen ƙwayoyi masu rassa a cikin bututun. Ka riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

A 1952 da 1953, Charles Leblond da Yves Clermont na Jami'ar McGill a Kanada suka bi aikin daki-daki a jikin ɓera. Suka ga cewa a gindin bututun akwai wasu ƙwayoyi da idan sun rabu, wasu daga cikin 'ya'yansu su kama hanyar zama maniyyi, wasu kuma su tsaya yadda suke. Kamar manomin da ke ware iri kafin ya ci amfanin gona. Waɗannan su ne ƙwayoyin tushe. A ɗan Adam, tafiyar daga tushe zuwa cikakken maniyyi tana cin sama da wata biyu.

Amma fa gani da madubi daban, hujja daban. Ƙwayoyin ba su da yawa: a ɓera, kusan 3 ne a cikin kowace 10,000 na ƙwayoyin haihuwa, kuma a ido sun yi kama da maƙwabtansu. Hujjar ta zo a 1994, lokacin da Ralph Brinster na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya ɗebi ƙwayoyi daga marainan ɓera mai lafiya ya zuba a bututun ɓeran da ba ya haihuwa. Ƙwayoyin suka nemi gindin bututun da kansu, suka zauna, suka fara samar da maniyyi, har aka samu 'ya'ya masu ɗauke da gadon ɓeran farko.

To me ya ja su zuwa wurin? Tun 1978 Ray Schofield, wanda ke nazarin ɓargo, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar tushe ba ta riƙe matsayinta sai a wani gurbi na musamman. A maraina, ƙwayoyin Sertoli ne ginshiƙin gurbin. Suna manne da juna su yi katanga tsakanin jini da maniyyin da ke girma, don kada garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta far masa. A 2000, masu bincike a Helsinki suka nuna cewa ƙwayoyin Sertoli suna fitar da wani furotin mai suna GDNF. Idan ya yi ƙaranci, ƙwayoyin tushe su ƙare. Idan ya yi yawa, su taru ba tare da sun zama maniyyi ba. Da wannan sani ne aka iya raino su a ɗakin gwaji a Kyoto ta Japan a 2003.

Kana iya cewa, ina ruwanmu da ɓeraye? Maganin da aka riƙa amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin tushen ɓerayen gwaji, busulfan, shi ne ake yawan ba yara masu sikila kafin dashen ɓargo, kuma ka san yadda sikila take a gidajenmu. Magungunan kansa da dama ma haka suke yi. Baligi zai iya ajiye maniyyinsa a daskare kafin magani. Yaro ɗan shekara 8 ba shi da maniyyin da zai ajiye, sai ƙwayoyin tushe. A 2019, masu bincike a Pittsburgh suka ba da rahoton haihuwar wata biranya mai suna Grady, daga tsokar maraina da aka ciro wa ubanta kafin ya balaga, aka daskarar, aka mayar masa a ƙarƙashin fata. Yanzu asibitoci a ƙasashe da dama suna ajiye irin wannan tsoka ta yara maza.

Saboda haka idan ɗanka ko ƙaninka zai fara irin wannan magani, ka tambayi likita tun kafin allurar farko me zai yi wa haihuwarsa, kuma ko akwai abin da za a iya ajiyewa.