Bak da ɗan talaka: yadda shirin jarrabawa ya koma hannun mai kuɗi

Kowace shekara, da watan Maris ya kama, nakan tara ƴan ajin tarminal na unguwarmu bayan sallar isha'i a wani zaure da aka ara mana. Allo ɗaya gare mu da fitila mai caji. Yaran da ke zuwa su ne waɗanda iyayensu ba su da halin biyan malamin gida. Wani dare, muna tsakiyar gyaran lissafi, wata yarinya ta aje biro ta ce: "Mushe, wai wa ya ƙirƙiro wannan bak ɗin da ke hana mu barci?" Aka yi dariya. Na ba ta amsa a taƙaice, amma tambayar ta bi ni har gida, don tarihin jarrabawar nan yana bayyana dalilin zamanmu a wannan zaure.

A Faransa aka haifi bak, cikin dokar da Napoleon ya sa wa hannu a shekarar 1808. Tun farko aiki biyu aka ba ta: ta rufe karatun lise, ta kuma buɗe ƙofar jami'a. Har yau haka take a wurinmu. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da jarrabawar shiga jami'a daban, wato JAMB, mu kuwa takarda ɗaya ce ke yanke hukunci. Wanda ya faɗi, shekaru goma sha uku na karatunsa sun tsaya a bakin ƙofa.

Da Turawa suka kafa lakwal a ƙasar nan, ba su kawo ta don a yi bak ba. Abin da suke nema shi ne akawu da tafinta da malamin firamare. Mutane ma gudun makarantar suke yi, har an sha ba da labarin sarakuna da masu hali da suka ɓoye ƴaƴansu suka miƙa na bayi da na talakawa. Yaron da ya yi fice sai a tura shi Yamai, daga nan kaɗan ƙwarai suke wucewa makarantar William Ponty a Senegal. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya dawo a 1929 a matsayin malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga cikinta. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka bi. Sai dai takardar Ponty ba ta kai mutum jami'a. A nan aka yi wa karatun baƙar fata rufi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara sassautawa. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya bi ta Damagaram da Yamai da Ponty, ya ci bak a Dakar, ya wuce Faransa, a 1956 kuma ya ci babbar gasar malaman kimiyya da ake kira agregasiyo. A littafin da ya fitar a 1964 kan ilimi a Afirka ya soki makarantar mulkin mallaka, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Irinsa ƴan ƙalilan ne: lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba.

Ga abin da nake so malamai da iyaye su lura da shi. Rariyar wancan zamani matsattsiya ce, amma yaron da ya ratsa ta, gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. A shekarun farko na ƴancin kai, ɗan manomi da ya ci jarrabawar shiga koleji yana samun wurin kwana da abinci, ko kuɗin tallafi, ga littattafai, ga awannin nazari da dare ƙarƙashin ido mai lura. Shirin jarrabawa yana cikin makarantar kanta. Daga Lise Nasiyonal ta Yamai, wadda yanzu ake kira Isa Korombe, da Amadu Kuran Daga ta Damagaram, da Ɗan Baskore ta Maraɗi, da Agabba ta Tawa, ƴaƴan ƙauye da yawa suka fito suka zama likitoci da alƙalai da injiniyoyi. Da fari sai an tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. Kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya taimaka wajen riƙe wannan tsari.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da FMI. Tallafi ya ragu, akasarin makarantun kwana suka rufe. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga kan waɗannan matakai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Shekarun da suka biyo baya na yajin aiki ne da bashin albashi da shekarun karatu da aka soke. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi ya tashi. Daga 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda suka zama ƴan kontiragi, da ɗan albashi kuma galibi ba tare da isasshen horo ba.

Ba na musun alherin da aka samu. Kolejoji sun shiga ƙauyuka, ƴan mata sun ƙaru a aji, a 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu jami'o'insu. Amma shirin jarrabawa ya fita daga makaranta ya shiga kasuwa. Mai hali yana kai ɗansa makarantar kuɗi, ya ɗauko masa malamin lissafi da na fiziki har gida. Ɗan talaka yana zaune a aji mai cunkoso, wani lokaci na zana, kuma sau da yawa shekara na ƙarewa ba a gama manhaja ba. Ranar jarrabawa takarda iri ɗaya ake raba musu. A yawancin shekarun nan, waɗanda ke ci ba su wuce ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba, kuma duk malami ya san daga wane gida galibin masu faɗuwa suke fitowa.

A zaurenmu na gane cewa ƙwaƙwalwa ba ita ce matsalarsu ba. Akwai yaron ƙauye da ke zaune gidan mai masauki, sai ya gama ɗiban ruwa da aike yake buɗe littafi. Akwai yarinyar da girki da wanke-wanke ke cinye yammacinta. Da yawansu ba su taɓa zama awa huɗu a kan takarda ɗaya ba kafin ranar. Wasu ba su san wane darasi ne ya fi nauyin maki a sashensu na A ko C ko D ba, sai su ɓata dare kan abin da ba zai ɗaga su ba. Wasu sun san amsar, Faransancin tambayar ne ke kayar da su.

Don haka aikinmu mai sauƙi ne. Muna bin tambayoyin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, da agogo a gabanmu. Ina fassara musu tambaya da Hausa har ta zauna, sannan su rubuta amsa da Faransanci. Ina raba su biyar-biyar, wanda ya gane ya hau allo ya koya wa saura. Muna kuma shirya wa zagaye na biyu tun kafin sakamako ya fito, saboda yara da dama a nan suke rasa ta don sun riga sun karaya. Ba duka suke ci ba. Na ga waɗanda suka faɗi sau biyu suka haƙura suka tafi ci-rani, kuma abin yana damuna har yau.

Iyaye, ko ba ku yi boko ba, akwai abin da ke hannunku: ku sauke wa yaro aiki a watanni ukun ƙarshe, musamman ƴa mace, ku samar masa fitila da wurin zama, ku tambaye shi abin da ya karanta. Ƴan uwana malamai, na san albashi ba ya isa, ban kuma zargi wanda ke koyarwa a gidaje don ya ciyar da iyalinsa ba. Amma da yawanmu da na gabanmu, da kuɗin talakawan ƙasar nan aka yi mana karatu. Dare biyu a mako ga yaran unguwa ba zai biya wannan bashi ba, amma zai rage shi. Gwamnati kuwa, haƙƙinta ne ta maido da awannin nazari da ɗakunan karatu cikin lise, kamar yadda ta taɓa yi lokacin da ƙasar ba ta kai haka yawan masu ilimi ba.

Yarinyar da ta yi mini tambayar nan, bana za ta zauna jarrabawar. Allah ya ba ta sa'a, ita da sauran ƴan uwanta.