Daga Zauren Fatoma Zuwa Falon Otal: Tarihin Masaukin Fatake a Duwala

'Yan uwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wurin da kasuwancinmu ya fara tsayawa da ƙafafunsa a Duwala, wato masauki.

Asalin New Bell yana komawa ne ga 1914, lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogin Wuri, suka ware musu sabuwar unguwa nesa da ta Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta na wannan shekarar. A zamanin Faransawa sai unguwar ta zama matattarar baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Nan kakanninmu masu fataucin goro da shanu da tufafi suka sauke kaya.

A lokacin bafatake ba ya neman otal, gidan fatoma yake sauka. A Arewa an saba da zauren ƙasa mai rufin azara, amma Duwala na samun ruwan sama kusan milimita 4,000 a shekara, ginin ƙasa ba ya jure wannan. Don haka aka koma katako da kwano. Gini ya sauya, tsari bai sauya ba: ƙofa ɗaya ta shiga, tabarmi, buzun salla, randa, butoci, da fitilar ƙwai.

Wannan ɗan zaure shi ne wurin tarbar baƙo, shi ne wurin cin abinci, shi ne ofis. Ana cin tuwo a kwano ɗaya, ana jin farashin ranar. Fatoma ya adana kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan ciniki na bashi ne, ya karɓi la'adarsa. Duk wanda ya shigo kowa ya gan shi, shi ya sa macuci ba ya daɗewa a zaure.

A 1951 aka buɗe otal ɗin Akwa Palace, da kanta ta karɓar baƙi da mashaya da tebura masu kujeru. Galibin masu sauka Turawa ne da manyan 'yan kamfani. Abin da ya fi taɓa mu shi ne isar layin dogo Ngawundare a 1974. Baƙi daga Adamawa da Garwa da Marwa, har da Chadi da Najeriya, suka ƙaru fiye da abin da zaure zai ɗauka. Ƙananan masaukai masu ɗakuna da lamba suka yawaita, mabuɗi ya fara maye gurbin sallama.

Gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022 ta kawo sabon yayin gyara. Manyan otal suka sabunta falo da wuraren cin abinci, ƙanana suka bi sahu, daga New Bell har Ndokoti da Ndogbong: tayil, gilashi, silin, kujerun kushin da na'urar sanyaya ɗaki. Akwai alheri a ciki. Tayil ya fi kafet dacewa da damshin garin nan, tsafta kuma tana jawo baƙo.

Sai dai wani abu yana neman suɓucewa. Falon da kujerunsa duka suka fuskanci talabijin ba wurin ciniki ba ne. Yaron da ya zo Duwala karon farko da kayan ubangidansa zai sami mabuɗi da rasit, amma ba zai sami wanda zai tsaya masa ba. Idan ya faɗa hannun dillalin da ba a sani ba, jarin gida guda ne ya tafi, sunan 'yan kasuwarmu kuma ya ɓaci.

Saboda haka muna kira ga mambobinmu masu gina masauki ko gyara shi da su tuna da aikin zaure. A jera kujeru suna fuskantar juna. A ware wurin alwala da salla. A tanadi ɗakin ajiya mai makulli da littafin shigar kaya. Inda wasu ke sa mashaya, mu sa teburin shayi. Sama da duka, a sami dattijo sananne da zai riƙa zama a falon, ya san wanda ya sauka da wanda ya zo nemansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya maimaita mana.