Makullin da anka bar wa duniya ta gwada

Bara da rani na yi sati uku a ƙauyukan wajen Madawa ina ɗaukar maganar tsofaffin mata saboda memuwar ɗina a kan habaici. Wanda ya taɓa zama da tsofaffi ya san abin da ke faruwa: ka tambayi karin magana guda, a ba ka labarin kishiya da sunanta, da bashin da ba a biya ba tun zamanin Kunce. Na yi musu alkawali ba mai jin wannan sai ni da malamina. Da na komo gari, wani abokina ɗan sashen informatik ya ce zai gina mana ɗan shafin intanet inda ƴan ajinmu za su riƙa ajiye irin waɗannan fayiloli, don kile USB ɓacewa take. Na tambaye shi da me zai kulle su. Ya ce ya ƙirƙiro dabararshi ta kanshi, kuma ƙarfinta shi ne ba wanda ya san yadda take.

Na ce ya kulle mini shafi biyu na Hausa ya ba ni. Tsakanin magariba da ƙarfe goma na buɗe su da biro da kaye. Ba wayo ba ne. Kowane harafi ya musanya shi da wata alama, kullum alama guda, ya kuma bar sarari tsakanin kalmomi. A rubutun Hausa babu harafin da ya kai "a" yawa, to alamar da ta fi fitowa ita ce "a". Daga nan sai ƙananan kalmomi masu harafi biyu, da, na, ta, ya, ba, sunka shiga tona junansu.

Wannan dabara ta girmi kakannin kakanninmu. Al-Kindi ya rubuta ta a Bagadaza a ƙarni na 9, cikin wata risala a kan warware rubutun ɓoye: ka ƙirga haruffan wani dogon rubutu na harshen, ka ƙirga alamomin saƙon, ka gwama. Abin da ya gane shi ne harshe yana da ɗabi'a, kuma ɗabi'ar tana bin shi ko an sauya mishi riga.

Wanda ya ba abokina amsa kai tsaye kuwa wani malamin harsuna ne, abin da ke yi mini daɗi in faɗa wa ƴan informatik. Auguste Kerckhoffs, haifaffen Holan, yana koyar da Jamusanci a Paris, kuma yana cikin manyan masu tallar Volapük, wani harshe da anka ƙirƙira don duniya ta yi magana da baki ɗaya. A 1883 ya buga rubutu a kan sirrin saƙonnin soja, ya jera sharuɗɗa shida. Na biyu ne ya rayu: kada tsari ya dogara da ɓoye yadda yake aiki, ya zamo ko ya faɗa hannun abokin gaba ba a yi asara ba. Abin ɓoyo guda ne, mabuɗi. Dalilin a fili yake. Mabuɗi in ya fita ana canza shi yau, amma tsarin da dubban mutane ke aiki da shi ba ya canzuwa dare ɗaya.

An kusa shekara ɗari kafin a ga gwajin wannan magana a fili. A 1973 hukumar ma'aunai ta Amurka ta nemi tsarin kulle guda da bankuna da ma'aikatu za su yi aiki da shi. Kamfanin IBM ya kawo wanda ya samo asali daga Lucifer, aikin Horst Feistel. Hukumar leƙen asiri ta NSA ta sa hannu, kuma abin da ya fito a 1977 da sunan DES yana da mabuɗi mai bit 56 kawai, da wasu teburori na musanya da ba a bayyana dalilin zaɓensu ba. An buga tsarin kowa ya gani, amma an riƙe hujjojin. Sai zargi ya tashi. Whitfield Diffie da Martin Hellman sunka ce da dalar Amurka miliyan 20 (tasu, ba tamu ta sefa biyar ba) ana iya ƙera na'urar da za ta gwada mabuɗan duka cikin yini guda.

Tarihin ya raba gardamar biyu, kuma nan ne ya fi burge ni. Wajen 1990 Eli Biham da Adi Shamir sunka fito da sabuwar hanyar kai hari, ta duba yadda ɗan bambanci a saƙo ke bayyana bayan an kulle. Da sunka gwada ta a kan DES sai sunka tarar teburorin nan kamar an gina su ne don tare ta. A 1994 Don Coppersmith na IBM ya tabbatar sun san harin tun 1974, an dai ce su yi shiru. Ke nan teburorin da anka zarga lafiyarsu lau. Gajartar mabuɗin kuwa gaskiya ce. A Yulin 1998 ƙungiyar EFF ta ƙera na'ura da kuɗin da bai kai dala 250,000 ba, ta gano mabuɗin DES cikin awa 56. A Janairun 1999, da taimakon dubban kwamfutocin ƴan sa-kai, anka yi shi cikin awa 22 da ƴan mintoci. Shekara ashirin ana gardama a kan abin da da an buɗe hujjoji tun farko da an san inda raunin yake.

Karo na biyu an bi wata hanya. A 1997 hukumar, wadda yanzu ake kira NIST, ta buɗe gasa ga duniya: kowa ya kawo nashi, da bayanin dalilin kowane sashe, kuma wanda ya ci ba zai karɓi kuɗin mallaka ba. A 1998 anka karɓi 15. Aikin masu gasa shi ne su fasa na junansu. Magenta, wanda kamfanin tarho na Jamus ya kawo, tun a taron farko anka gano rauninshi. A 1999 saura biyar: MARS na IBM, RC6, Twofish na su Bruce Schneier, Serpent, da Rijndael na wasu ƴan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen. Ran 2 ga Oktoba 2000 anka zaɓi Rijndael, a Nuwamban 2001 ya zama AES. Gwamnatin Amurka ta ɗauki aikin baƙi ta bar na IBM. Yana yanka bayani gunduwa-gunduwa mai bit 128, ya juya kowace sau 10, 12 ko 14 gwargwadon mabuɗi, mai bit 128, 192 ko 256. Ni a ganina Serpent an ɗan ƙware shi: zagaye 32 gare shi, da yawa na ganin ya fi rata ta tsaro, gudu ne ya kada shi. Amma har yau, bayan shekara fiye da ashirin ana sara, ba a nuna hanyar fasa cikakken AES a aikace ba.

Da na kai nan abokina ya ce to shi ke nan, mu sa AES mu huta. A'a. Sunan tsari bai isa ba, akwai yadda ake jera gunduwoyin. Hanya mafi sauƙi, ECB, tana kulle kowace gunduwa ita kaɗai, saboda haka gunduwa biyu masu kama ɗaya suna fitowa da kama ɗaya. Al-Kindi ya dawo ta taga ke nan. A 2013 anka sace bayanan masu amfani da Adobe wajen miliyan 150, kalmomin sirrinsu an kulle su da 3DES a wannan hanya. Ba a buƙaci mabuɗin ba: duk masu kalma ɗaya alamarsu ɗaya, ga kuma ƴan bayanan tuni da mutane sunka rubuta a fili. Kalmar sirri ma ba kulle ta ake ba, niƙa ta ake da irin su bcrypt ko Argon2 yadda ba ta komowa.

Akwai wani tarko ga masu PHP, wanda abokina ya kusa faɗawa don darussan da yake kwafa tsofaffi ne. Tsohon laburaren mcrypt yana da abin da ake kira Rijndael 256, mutane na ɗauka AES-256 ne, alhali 256 ɗin girman gunduwa ne, ba na mabuɗi ba. An fidda mcrypt daga PHP 7.2 a 2017, anka shigo da libsodium.

Abin da munka tsaya a kai shi ne AES-256 a hanyar GCM. Tana kullewa, tana kuma sa hatimi yadda in wani ya taɓa fayil ɗin zai ƙi buɗuwa. Sharaɗinta mai tsanani ne: kowane fayil da sabuwar lambar farawa, in an maimaita ta da mabuɗi ɗaya tsaron ya zube. Dabarar abokina munka ajiye ta, ko da yake ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni da kyau.

Inda har yanzu ba mu shirya ba shi ne wurin ajiye mabuɗin. Shi yana so ya zauna cikin kwamfutar da ke riƙe da shafin, don ɗalibai su buɗe fayilolinsu ba wahala. Na ce wanda ya shiga ɗakin ai ya sami akwati da makullinshi rataye a jiki. Rubutun hirarrakin, wanda na cire wa sunaye, na yarda an ɗora. Muryoyin tsofaffin kuwa suna nan cikin kwamfutata a kulle, mabuɗinsu a wata takarda da ba zan faɗi inda take ba cikin ɗan littafin da ake fotokofi.