Tukwanen Dauniya: Kayan Tarihin Italiya Da Masu Tara Kayan Da Ke Nema

Tukwanen Dauniya kayan yumɓu ne da al'ummar Dauniyawa suka ƙera a arewacin yankin Puglia da ke kudu maso gabashin Italiya, a inda lardin Foggia yake a yau. Masana sun kasa zamanin bunƙasarsu gida uku, daga wajen shekara ta 700 zuwa ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Garuruwan Ordona da Canosa su ne manyan cibiyoyin wannan sana'a.

Akasarin tukwanen da hannu aka gina su, daga yumɓu mai hasken launi. Ana yi musu zane da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, sau da yawa a haɗa da ja, kuma fentin ba ya sheƙi. Wannan ne ya bambanta su da tukwanen Girkawa masu ƙyalli. Zanen ya ƙunshi layuka, da'irori da siffofi masu kusurwa. Daga cikin fitattun nau'o'insu akwai tulu mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari, da buta mai siffar agwagwa, da kofi mai dogon mariƙi mai kama da ƙaho. Fatake sun kai su har gaɓar Kuroshiya da Sloveniya ta yanzu.

Yawancin waɗanda suka iso wannan zamani ba tare da sun fashe ba, daga kaburbura aka tono su, domin Dauniyawa kan binne mamaci tare da tukwane. Nan ne tushen matsalar cinikinsu. Tun shekarar 1909 dokar Italiya ta mayar da kayan tarihin da aka tono daga ƙasa mallakar gwamnati, amma ɓarayin kaburbura sun daɗe suna wawushe yankin suna sayarwa a ƙasashen waje. Idan aka fitar da tukunya a ɓoye, bayanin kabarin da ta fito da abin da aka binne tare da ita ya salwanta har abada.

A shekarar 2021 hukumomin Italiya sun sanar da ƙwato kayan tarihin Puglia kusan 800 daga hannun wani mai tara kaya a Beljiyam, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai Yuro miliyan 11. Rundunar Carabinieri mai kare kayan al'adu, wadda aka kafa a 1969, ita ce ta gudanar da binciken.

Saboda haka takardun asali ne ke yanke darajar tukunya a kasuwa. Manyan gidajen tarihi kan nemi shaidar cewa kaya ya bar ƙasarsa kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ko kuma yana da izinin fitarwa. Gwajin kimiyya na iya nuna lokacin da aka gasa yumɓun, ya tona asirin jabu, sai dai ba ya halatta mallaka. Wanda ya sayi tukunyar da ba ta da takardu yana iya rasa ta da kuɗinsa, ya kuma fuskanci shari'a.