Labarin Stanley Reid, Ɗan Tamaula, Malamin Majami'a, kuma Sojan Ostareliya (1872–1901)

Cikin mutanen Ostareliya da suka halaka a yaƙin da Ingilishi suka yi da Bowa a Afirka ta Kudu akwai wani saurayi wai shi Stanley Spencer Reid. Shekararsa 28 kaɗai a duniya, amma cikin ɗan wannan lokaci ya yi suna a filin tamaula, ya hau mumbari ya yi wa'azi, ya kuma ɗauki bindiga. Mai karatu ya iya tsammanin waɗannan al'amura uku ba su da dangantaka da juna. A wurin mutanen zamaninsa kuwa hanya ɗaya ce, domin tarbiyya guda ce ta haife su. Abin lura cikin labarinsa shi ne yadda tarbiyyar nan ta kai shi ga wani irin yaƙi wanda ba ta shirya shi dominsa ba.

An haifi Reid cikin shekarar 1872 a Swan Hill, wani gari na bakin kogin Murray cikin ƙasar Biktoriya. A lokacin Ostareliya ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, yankuna shida ne, kowanne da gwamnansa a ƙarƙashin Sarauniyar Ingila. Ubansa malamin majami'a ne na ɗarikar Firesbiteriya, wadda ta yi ƙarfi a ƙasar Sikotlan. Yaron ya yi karatu a makarantar Scotch College ta birnin Melbon, daga nan ya shiga Jami'ar Melbon, sa'an nan ya karanta ilmin addini domin ya gaji ubansa.

Makarantun irin wannan sun ɗauko ra'ayinsu ne daga manyan makarantun Ingila. Malamansu sun gaskata cewa filin wasa wurin gyaran hali ne, watau a can yaro ke koyon jimiri, da biyayya ga shugaba, da fifita jama'a bisa kansa. A ganinsu Kirista na ƙwarai shi ne mai ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya, wanda in Sarauniya ta yi kira zai amsa ba da jinkiri ba. Sabo da haka ba wanda ya ga abin mamaki don ɗalibin addini ya tuɓe riga ran Asabar ya shiga fili ana ture-ture da shi.

Wasan da ya ke yi ba irin ƙwallon ƙafar da aka saba gani ba ne. Mutanen Melbon ne suka ƙago shi, aka rubuta dokokinsa na fari cikin 1859. Tamaular doguwa ce kamar ƙwai, filin kuma kewayayye ne mai faɗin gaske. Ana bugun ta da ƙafa, ana kuma cafe ta da hannu. A kowane gefe akwai sanduna huɗu. Wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin biyun tsakiya ya sami lamba 6, in kuwa ta bi ta tsakanin na gefe, lamba 1 ke nan. Cikin 1896 ƙungiyoyi takwas suka ware daga tsohuwar haɗaɗɗiyar ƙungiyar Biktoriya suka kafa tasu, wadda ta fara gasa cikin 1897. Ita ce aka sake wa suna cikin 1990 ta zama ta Ostareliya duka.

Reid ɗan ƙungiyar Fitzroy ne, ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, aikinsa kuwa tsaron baya. Ran 24 ga Satumba 1898 aka yi wasan ƙarshe na fid da gwani, irinsa na farko cikin tarihin sabuwar gasar, a unguwar St Kilda, gaban mutum fiye da 16,000. Fitzroy ta kara da Essendon, ta cinye ta da lamba 38, ita kuwa tana da 23. Cikin 'yan gaban Essendon ran nan akwai wani mai suna Charlie Moore, haifaffen tsibirin Fiji, wanda za a sake jin sunansa nan gaba.

Bayan wannan nasara Reid ya bar wasa. Cikin 1899 aka naɗa shi malamin majami'a a Boulder, can cikin hamadar Ostareliya ta Yamma, kusa da Kalgoorlie inda aka sami zinariya cikin 1893. Garin masu haƙa ne, ga ƙura, ga ƙarancin ruwa, ga baƙi daga ko'ina. Bai cika shekara a can ba sai yaƙi ya tashi a wata ƙasar zinariya kuma. Bowa jikokin Turawan Holan ne da suka zauna Afirka ta Kudu, suka kafa ƙasashe biyu na kansu, Transvaal da Orange Free State. Tun da aka gano zinariya a Transvaal cikin 1886 jayayya ta yi tsanani tsakaninsu da Ingilishi, har aka kama yaƙi ran 11 ga Oktoba 1899.

Reid ya so ya tafi a matsayin limamin soja, bai samu ba. Maimakon ya haƙura, sai ya shiga a ƙaramin soja cikin runduna ta biyu ta mahaya dawakin Ostareliya ta Yamma, suka tashi daga Fremantle a farkon 1900. Yana can ya rubuta takarda gida ya soki wani babban hafsa, takardar ta fita a jarida, ta jawo masa wahala wurin hukumar soja. Wannan ya nuna tarbiyyar da ya samu ba ta hana shi gani da idonsa ba. Duk da haka, da ya komo gida a ƙarshen shekarar, bai zauna ba. Cikin Afrilu 1901 ya sake tafiya tare da runduna ta shida, yanzu yana da muƙamin Laftanan. A tsakanin tafiyoyin nan biyu ne, ran 1 ga Janairu 1901, yankunan shida suka haɗu suka zama tarayyar Ostareliya.

Yaƙin da ya tarar a karo na biyu ya sake kama. Ingilishi sun riga sun ci Pretoria tun watan Yuni 1900, Bowa kuwa suka watsu cikin daji ƙungiya ƙungiya, suna kai hari suna ɓacewa. Lord Kitchener, wanda ya karɓi shugabancin rundunar a ƙarshen 1900, ya matsa da ƙona gonaki, da kashe dabbobi, da tara mata da yara cikin sansani. A sansanonin nan Bowa wajen 28,000 suka mutu, yawancinsu yara, baƙaƙen fata kuma fiye da 14,000 a nasu sansanonin dabam, ko da ya ke ƙasar da a ke faɗa a kanta ta kakanninsu ce. Rundunonin mahaya irin ta Reid su ne a ke aikawa su share ƙasar. Nan ba alƙalin wasa, ba sanduna huɗu, ba kuwa gaisuwar hannu bayan an tashi.

Ran 16 ga Mayu 1901 rundunarsa ta gamu da Bowa a Brakpan, cikin Transvaal ta gabas, aka yi masa rauni. A faɗan nan ne wani hafsan rundunar, Frederick Bell, ya sami lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila, shi ne kuwa wanda daga baya ya yi aikin mulki a Somaliya ta Ingilishi da Nijeriya da Kenya. Reid ya warke ya koma bakin aiki. Ran 23 ga Yuni aka sake harbinsa, a ciki. Ɗan'uwansa, likitan soja, shi ya yi jiyyarsa, amma abin ya fi ƙarfin magani, ya rasu ran 29 ga Yuni. Charlie Moore, wanda ya tafi tare da rundunar Biktoriya, ya riga shi mutuwa cikin watan Mayu na wannan shekara. Su biyun nan ne kaɗai 'yan wasan gasar da yaƙin ya ci.

An yi sulhu ran 31 ga Mayu 1902. Mutanen Ostareliya wajen 16,000 suka je yaƙin, kimanin 600 ba su komo ba, kusan rabinsu kuwa cuta ce ta kashe su. Mutuwar Reid ba ta rage ƙarfin ra'ayin da ya tura shi ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914, da irin wannan magana aka riƙa kiran 'yan tamaula su shiga soja, har waɗansu daga cikinsu suka faɗi ran 25 ga Afrilu 1915, ranar da aka sauka a Gallipoli. Masu tarihin ilmi suna da abin dubawa a nan, domin kuwa ra'ayin nan na gyaran hali ta hanyar wasa shi ne Ingilishi suka kai makarantun ƙasashen da suka mallaka, har da na Afirka. Ya koya wa Reid jimiri da cika alkawari, ya kuwa cika su har ƙarshen ransa. Abin da bai koya wa samarin zamanin ba shi ne su tambayi dalilin yaƙin da a ke kiransu gare shi, da ko wane ne zai ɗauki hasararsa.