Gicciye da takobi: hoton Boris da Gileb

A shekara ta 1015, bayan rasuwar sarki Biladimir na Kiyef, aka kashe ƴaƴansa biyu, Boris da Gileb, cikin rikicin gadon sarauta. Littattafan tarihin ƙasar sun ce ba su ɗaga makami don kare kansu ba. Ikilisiyar Otodoks ta sa su cikin tsarkaka.

Mu duba yadda masu zanen «ikon», wato hoton ibada bisa allo, suka nuna su a Rasha cikin ƙarni na 14. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sanye da hular sarauta, suna fuskantar mai kallo, babu rauni a jikinsu. Hannun dama yana riƙe da gicciye, na hagu da takobi, tsininsa ƙasa. Dama ta fi hagu daraja: bangaskiya ta rinjayi mulki ke nan. In an zana kisan, sai cikin ƙananan hotuna a gefen allo.

A ganinmu, harshe ya bayyana dalili. Kalmar Girkanci «martus» ma'anarta mai shaida, kamar yadda «shahidi» da «shaida» suka fito daga tushe ɗaya na Larabci. Mai shaida kuwa a tsaye ake son shi, ido buɗe.