Daga Lezintin zuwa Aro: Yadda Aka Gane Jinyar Mai Shaye-shaye Aikin Gayya Ne

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin jinyar masu shaye-shaye ya tabbatar da wannan magana, amma sai da aka sha wuya kafin a gane.

A shekarar 1935 gwamnatin Amurka ta buɗe wata ƙatuwar cibiya a garin Lezintin na jihar Kentaki, rabinta asibiti, rabinta kurkuku. A nan ake killace waɗanda ƙwaya ta kama, a raba su da ita, a sa su noma da kiwo har jikinsu ya murmure. Amma da aka bi sawun waɗanda aka sallama, sai aka tarar mafi yawansu sun koma ruwa. An wanke jiki, amma mutum ya koma gida ba sana'a, ba mai jan sa a jika, ga tsofaffin abokai suna dakonsa.

Gyara ya ɓullo ne daga asibitin gwamnati na Wilma a jihar Minesota, inda Dakta Nelson Bradley da Daniel Anderson, masanin halayyar ɗan Adam, suka soma aiki a 1950. Sun buɗe ƙofofin da ake kulle mashaya giya, suka haɗa likita da ma'aikacin jinya da jami'in walwala da malamin addini a kan majinyaci ɗaya. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda suka ɗauki tubabbun mashaya aikin ba da shawara, domin wanda ya taɓa faɗawa rijiya shi ya san zurfinta. A 1965 kuma, Dakta Vincent Dole da Dakta Marie Nyswander na birnin Niyok suka nuna cewa maganin metadon yana kwantar da ƙishirwar hodar heroyin har mutum ya iya kama sana'a.

A nan gida Nijeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya kawo nasa tsarin a Aro, kusa da Abekuta, a 1954. Ya saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyawa, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ko da yake ba don masu shaye-shaye ya tsara shi ba, ya nuna cewa dangi ma ma'aikatan jinya ne.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ya yi wa matasa da matan aure mummunar illa. A watan Satumba na 2019 kuma 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu can ne da zaton gyaran hali.

Saboda haka, jama'a, mari ba ya warkarwa. Likita ya lura da jiki lokacin da ake yaye shi daga ƙwaya, mai shawara ya saurari damuwarsa, jami'in walwala ya nema masa abin yi, dangi kuma su daina gori. In ya sake zamewa, a mayar da shi asibiti kamar yadda ake mayar da mai hawan jini, kada a yanke masa ƙauna.